Hancina da auren da bai yiwu ba a Koriya ta Kudu

Assalamu alaikum. Haifaffiyar Zariya ce ni, kuma a Koriya ta Kudu nake zaune, inda nake aikin tafinta tsakanin likitoci da baƙin da ke zuwa neman magani. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne yadda 'yan matanmu ke kallon fina-finan Koriya, suna aiko mini da tambaya a kan kuɗin gyaran hanci, wasu ma har da burin auren ɗan ƙasar. Na bi hanyoyin nan biyu a lokaci guda, don haka zan faɗi yadda suke dalla-dalla.

A gidanmu ni kaɗai ce mai faɗin hanci. Kun san yadda muke yabon dogon hanci, a ce wance hanci har baka. 'Yan uwana kan tsokane ni, in yi fushi, in manta. Bai taɓa hana ni barci ba. Da na samu tallafin karatu na gwamnatin Koriya, na yi shekarar koyon harshe, na yi digiri na biyu, sannan na fara aiki a unguwar Gangnam da ke Seoul. Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Apgujeong ko Sinsa zai ga dogayen benaye, hawa bayan hawa duk asibitocin kwalliya ne. Mata na wucewa da fuska a naɗe da bandeji, ba mai waiwayensu.

Tiyatar kwalliya ba abin ɓoyo ba ce a tsakanin ƙawaye a can. Binciken da kamfanin Gallup Korea ya yi a 2015 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na mata masu shekara 19 zuwa 29 sun ce an yi musu. A wannan binciken, kusan biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya ba su ga laifi ba idan mace ta yi tiyata domin aure. Wadda ta fi yawa ita ce ta fatar ido, wato a fitar da ninki a saman ido, matasa na kiranta ssangsu. Ana yin ta iri biyu: ko a ɗinke daga ciki da zare ba tare da yanka ba, wanda kan iya warwarewa bayan wasu shekaru, ko a yanka a rage fata da kitse, wanda ya fi daɗewa amma ya fi kumburi. Lokacinta sananne ne. Da zarar an gama Suneung, babbar jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba, asibitoci kan rage kuɗi ga duk wanda ya zo da katin jarrabawarsa, iyaye kuma su biya a matsayin kyautar kammala sakandare. Yarinya za ta shiga jami'a a watan Maris da idon da ya riga ya saɓe.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka kowa ya yarda da abin. Sai maganar aure ta taso ake ganin ɗaya fuskar. Samari da 'yan mata kan haɗu ta sogaeting, inda aboki ke haɗa mutum biyu, ko matseon, haɗuwar da manya suka shirya da niyyar aure, ko ta kamfanonin dalilin aure irin su Duo da Gayeon. A duk hanyoyin nan hoto ne ke fara tafiya kafin mutum. Mace ta san da hoton za a auna ta, don haka take gyara. Amma namijin da ya zaɓe ta saboda hoton shi ne kuma zai ce wa abokansa shi jayeon miin yake so, wadda kyanta na halitta ne. Na sha jin wannan daga bakin maza masu ilimi, kuma ba su ga karo a cikin maganar ba.

Abin yana da matakai. Ido kusan ba a lissafa shi, har akan ce ai wannan ba tiyata ba ce. Hanci ana ɗan jinjina shi. Da an kai ga aske ƙashin muƙamuƙi, ko yangak da ake yanke muƙamuƙin sama da na ƙasa a sake musu zama, ko ƙarin nono, to nan iyayen miji kan tsuke baki. Idan kuma aikin ya fito fili, goshi ya yi tudu, ido ya yi girma, haɓa ta yi tsini, akwai mummunan suna da ake jifan mace da shi, seonggoe, wato dodon tiyata. Babban abin da ake fakewa da shi shi ne 'ya'ya. Za ka ji ana cewa ana jin tsoron kamannin da jikoki za su ɗauko. Shi ya sa kundin hotunan kammala makaranta ke da daraja a neman aure: dangin miji kan so su ga fuskar yarinya tana sakandare. Na san matan da suka shafe watanni suna shawarar yaushe za su gaya wa saurayi. Idan ta faɗa da wuri tana tsoron ya janye, idan ta jinkirta ya gani a tsohon hoto ya ce an yaudare shi. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce a gyara amma kada a gane, kuma a kan mace nauyin kiyaye ta yake. Maza ma suna yi, musamman ido da hanci da dashen gashi, sai dai ba a cika tuhumarsu a kai ba.

Mutumin da na so injiniya ne, mun haɗu ta hanyar wata abokiyar aikina. Ya karɓi Musulunci a babban masallacin Seoul da ke Itaewon, kuma ban taɓa shakkar gaskiyarsa a wannan ba. Mahaifina ya yi jinkiri, ya yi bincike, daga baya ya ce a turo manya. Abin da ya rage shi ne sanggyeollye, zaman da iyalai biyu ke yi a gidan abinci su ga juna a tsayar da magana. Kawuna da yayana ne za su zo a madadin Baba.

Mahaifiyarsa ba ta ƙi ni a fili ba. Ta kai hotona wurin mai duban fuska, abin da suke kira gwansang, wanda har yanzu wasu tsofaffi ke riƙe da shi a harkar aure da kasuwanci. A wannan duba, hanci shi ne gidan dukiya. Aka ce mata karan hancina ya kwanta, ƙofofin a buɗe, arziki ba zai zauna ba. Ta kira ni, ta riƙe hannuna, ta ce ita za ta biya, kyauta ce daga uwa zuwa 'ya. Na ce, "Eomeonim (wato Umma), a addinina ba a yarda da duba ba." Ta ce ba sai na yarda ba, dangi ne za su gani, kuma tana so su karɓe ni da sauƙi tunda dama ni baƙuwa ce. Har yau ina ganin da zuciya ɗaya ta faɗa. A wurinta kulawa ce, domin a ƙasar 'ya'ya ma kan biya wa iyayensu gyaran fatar ido kafin biki don su fito da kyau a hoto.

Shi kuwa cewa ya yi yana so na yadda nake, amma idan na yi zai sauƙaƙa masa. Wannan magana ta biyu ita ta zauna mini. Na san abin da malamai suka ce, cewa akwai bambanci tsakanin gyara lahani ko rauni da canza halitta don ƙawa. Na yi ta kai-kawo. Ga kaɗaici, ga shekaru suna tafiya, ga tsohuwar tsokanar gida da na ɗauka ta mutu ta farfaɗo. Kullum kuma ina ganin mata suna fita daga asibiti cikin murna. Na amince.

Ga yadda aikin yake. Wanda ke fara ganin majiyyaci a yawancin asibitocin nan ba likita ba ne. Wata jami'a ce, sangdam siljang, mai ba da shawara da yanke farashi, kuma sau da yawa tana da kaso a cikin abin da aka biya. Ita ce za ta ce tunda za a taɓa hanci a ƙara da haɓa, kuma idan aka ajiye kuɗin kama wuri yau akwai ragi. Likita kan zo daga baya na ɗan lokaci. A duba allon asibiti da kyau: wanda ya ƙware a fannin tiyatar kwalliya ne kaɗai doka ta yarda ya sa sunan fannin a cikin sunan asibitinsa, sauran likitoci sai dai su rubuta shi a gefe a matsayin aikin da suke yi. Baƙo da bai iya karatun Hangul, wato rubutun Koriya, ba zai kasa bambancewa. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan tiyatar kwalliya, kuma akwai harajin kashi 10 cikin 100 a kai. Nawa aikin ya tashi kusan miliyan 4 na won, kuɗin Koriya.

An yi mini abu uku a zama ɗaya, ƙarƙashin allurar barci ta propofol. An yanka ginshiƙin fatar da ke tsakanin ƙofofin hanci aka ɗaga fatar. Aka fere silikon, wata irin roba mai laushi, mai kaurin milimita 4 aka kwantar a kan karan hanci, tsakanin ƙashi da tantaninsa. Aka ciro guringuntsi daga bangon da ya raba hanci biyu da kuma bayan kunne, aka yi wa tsinin hanci tokara. Sannan aka yanke gefen ƙofofin aka matso da su. Irin wannan aiki kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Ana cusa auduga a hanci a cire bayan kwana ɗaya ko biyu, a wannan tsakanin da baki ake numfashi, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Zare da abin tallafin da ake mannawa a sama ana cire su a kwana 5 zuwa 7. Babban kumburi na sauka cikin mako biyu zuwa wata guda, amma ainihin siffa sai wata shida zuwa shekara, mai kaurin fata irin tamu ma takan wuce haka. Ba a fyace majina, ba a sa tabarau na wata guda, ana kwanciya rigingine da kai a tashe. Akwai abin da takardar asibiti ba ta ambata ba: ba shaƙa ruwa a alwala, ba ɗora hanci a ƙasa a sujada. Da nuni na yi ta sallah, kuma duk sanda na sunkuya ban kai ƙasa ba sai hawaye su zo mini.

Da kumburi ya sauka kowa ya yaba. Mahaifiyarsa ta kai ni wurin 'yan uwanta. Ni kuwa idan na dubi madubi sai in ga wata da ta yi kama da ni.

Bayan 'yan watanni karan hancin ya fara ja, ya yi ɗumi, kumburin da ya tafi ya dawo ta gefe ɗaya. Sai wani wari da ni kaɗai nake ji, sai ruwa mai launin rawaya daga cikin ɗinkin. Waɗannan su ne alamomin da duk mai silikon a hanci ya kamata ya haddace, domin suna iya zuwa bayan mako, suna iya zuwa bayan shekaru. Asibitin suka ce kumburi ne kawai, suka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, suka riƙa wanke wurin. Yakan lafa ya dawo. Dalili shi ne silikon ba shi da jijiyar jini, ƙwayoyin cuta kan yi shimfiɗa a jikinsa, maganin da ke yawo a jini ba ya kai musu yadda ya kamata. Idan magani bai yi aiki cikin ɗan lokaci ba, cire shi ne mafita, kuma duk jinkiri nama yake ci. Wani likita a wani asibiti daban ne ya cire nawa, tare da guringuntsin da ya riga ya narke.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda masu tiyatar hanci a Koriya suka fi tsoro, suna ce masa guchuk. Jiki kan yi wa duk baƙon abu rigar tabo. Idan wurin ya yi mugunya, tabon kan yi kauri ya taurare, ya fara janyewa kamar fatar da aka shanya a rana. Hancina ya gajarce, tsinin ya ɗage sama, ƙofofin suka fito fili, ɗaya ta fi ɗaya. Fatar ta yi tauri ba ta motsi. Numfashi ta gefe ɗaya ya ragu. A gefen da aka yanke kuma tabo ya yi tudu ya yi baƙi, domin baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabo, abin da ba wanda ya tambaye ni a kai tun farko duk da ina da shi a wurin hujin kunnena. Ba a sake tiyata nan take. Dole a jira wata shida zuwa shekara sai nama ya yi laushi.

A wannan jiran aure ya mutu. An ɗage zaman iyalai, aka ce sai na warke. Annobar korona ta zo ta ba kowa uzuri, ni kuma takunkumi ya rufa mini asiri a hanya da wurin aiki. Saurayin nawa ya riƙa raka ni asibiti da farko. Daga baya na ji abin da ake faɗa a danginsu: ba za a iya tsayar da ni a zauren biki a haka ba, kuma ko an gyara, ai na zama wadda aka yi wa aiki sau da yawa. Gidan da suka nemi in gyara su ne suka ƙi ni saboda gyaran ya bayyana. Bai iya faɗa mini da bakinsa ba sai da na tambaye shi kai tsaye. Ya yi kuka, ya ce ba zai iya saɓa wa iyayensa ba. Na mayar wa mahaifiyarsa kuɗinta duk da ta ƙi karɓa da farko.

Ranar da na cire takunkumi a kiran bidiyo na nuna wa Ummata, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce, "Innalillahi. 'Yar nan, kina iya numfashi?" Na ce da ƙyar ta gefe ɗaya. Ta ce, "To wannan za a nema wa magani, sauran ki bar wa Allah." Na shafe watanni ba na son fita, ba na cin abinci a gaban mutane don sai an cire takunkumi. Na je wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ya taimaka mini ƙwarai. Na tambayi malami a kan tiyata ta biyu, ya ce wannan magani ne, gyaran abin da ya lalace, in je in yi.

Gyaran ya fi na farko wahala da tsada nesa ba kusa ba, ya ninka kuɗin kusan sau uku, daga aljihuna. Guringuntsin cikin hanci ya ƙare, don haka daga haƙarƙari aka ciro. Ana yanka santimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin nono, yawanci ta dama, a ɗauko yanki daga wajen haƙarƙari na shida ko na bakwai. Ana yin sa ne da cikakkiyar allurar barci, tare da likitan da aikinsa kenan. Likita ya warware tabon da ya ƙanƙame, ya saki fata, ya gina sabon ginshiƙi ya janyo tsinin ƙasa gwargwadon yadda fata za ta yarda. Idan aka ja fiye da haka jini kan yanke wa fatar ta mutu. Haɗarinsa sun haɗa da huda tantanin huhu, da lanƙwashewar guringuntsin bayan lokaci, da ciwon ƙirji na makonni wanda tari ko dariya ke tayarwa. Na ce kada a sake sa mini silikon ko kaɗan. Tabon ƙirjin da na gefen hanci an bi su da allurar triamcinolone kusan duk wata, da man silikon na shafawa, da kiyaye rana.

Kafin wannan aikin na nemi a rubuta sunan likitan da zai yi shi a takardar amincewa. Akwai dalili. An sha kama asibitoci da abin da ake kira tiyatar fatalwa: sanannen likita ya karɓi majiyyaci, da barci ya ɗauke shi wani ya shigo ya yi aikin. A 2016 wani ɗalibi, Kwon Dae-hee, ya rasu sakamakon zubar jini bayan tiyatar muƙamuƙi a Seoul, kuma hoton kyamarar ɗakin tiyata ne ya nuna yadda aka bar shi. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana fafutuka. Majalisa ta zartar da doka a 2021, ta fara aiki a Satumban 2023, wadda ta wajabta kyamara a ɗakin da ake tiyata majiyyaci ba ya cikin hayyacinsa. Sai dai ba a ɗauka sai majiyyaci ko waliyyinsa ya nema a rubuce kafin a fara.

Su ma 'yan ƙasar ba duka suka yarda da wannan matsi ba. A 2018 'yan mata da yawa sun shiga wani yunƙuri inda suka watsar da kayan kwalliya suka kuma rage gashinsu, suna cewa sun gaji. A 2019 doka ta hana kamfanoni masu ma'aikata 30 zuwa sama tambayar tsawo da nauyi da siffar mai neman aiki idan aikin bai buƙata ba. Amma doka ba ta shiga zauren neman aure, kuma a nan nake ganin abin ya fi cizo, domin ba a cewa dole, cewa ake don amfaninki ne.

Yanzu ina numfashi ta gefe biyu. Hancin ya fi na haihuwata gajarta kaɗan, tsininsa da tauri, idan sanyi ya yi yakan yi tsami, kuma tabon gefe yana nan ga mai lura. Ban yi aure ba tukuna. Akwai maganar da ake yi da wani ɗan garinmu, kuma tun a hirarmu ta farko na gaya masa komai na tura masa hotunan kafin da bayan. Na bar ɓangaren kwalliya na koma tafinta a sashen masu cutar daji da ƙashi. Idan wata 'yar uwa ta rubuto tana tambayar farashi, nakan fara da tambayarta wa ya fara kawo maganar, ita ko wani. In ta dage sai ta yi, nakan sa ta nuna wa likita duk wani tsohon tabo da ke jikinta, ta tabbatar da takardar ƙwarewarsa, ta nemi ɗaukar kyamara a rubuce, ta karɓi kwafin bayanan aikin da sunan abin da aka sa mata, kuma ta tanadi kuɗin tiyata ta biyu da izinin zaman da zai ishe ta kafin ta biya na farko.